Agogo Mai Madannai Biyu: Shin Ya Cancanci Gurbi a Akwatin Mai Tara Agoguna?

Duk wanda ya jima yana tara agogunan hannu, ko da guda biyar ne kacal a akwatinsa, akwai ranar da zai tsaya a gaban wani agogo mai madannai biyu a gefen dama da ƙananan da'irori biyu ko uku a fuskarsa, ya tambayi kansa ko wannan ma ya kamata ya shiga cikin nasa. Shi ne agogon da masu sana'ar ke kira kuronograf, wato agogon da bayan nuna lokaci yake ɗauke da wani dogon hannu na daban wanda ake tayarwa, a tsayar, a mayar da shi sifili, domin a auna tsawon lokacin da wani abu ya ɗauka. Na sha zama inda masu tara agoguna ke musu a kansa, wasu na cewa akwatin da babu shi bai cika ba, wasu kuma na cewa kayan ado ne mai tsada da cin kuɗin gyara, wanda mai shi ba ya sake taɓa madannansa bayan makon da ya saye shi. Ra'ayina shi ne ya cancanci a mallake shi, amma guda ɗaya mai kyau ya wadatar, kuma dalilan da yawancin mutane ke bayarwa na sayensa ba su ne masu ƙwari ba.

Akwai ruɗani guda biyu da ya kamata a kawar tun farko. Na ɗaya, kuronograf daban, kuronomita daban, duk da cewa sunayen sun yi kama. Kuronomita shaida ce ta daidaito: hukumar COSC ta ƙasar Suwizalan, wadda aka kafa a 1973, tana gwada injin agogo na tsawon kwana 15, kuma ba ta ba shi shaidar sai idan a matsakaici bai yi latti fiye da daƙiƙa 4 ko gaggawa fiye da daƙiƙa 6 a yini ba. Agogo na iya zama ɗaya daga cikinsu, ko ya haɗa duka biyun, ko ya rasa duka. Na biyu, ba kowane agogo mai da'irori uku ne kuronograf ba. Kasuwanninmu cike suke da waɗanda da'irorinsu zane ne kawai, ko kuma idan aka danna madannin sai ranar mako ta matsa gaba. Ba a kan waɗannan nake magana ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa da shi ke kawowa ita ce wayar da ke aljihun kowa tana yin wannan aikin, kuma ta fi shi daidaito nesa ba kusa ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba zan yi ƙoƙarin kauce mata ba. Har ma zan ƙara musu da cewa yatsan ɗan Adam yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya amsa abin da ido ya gani, saboda haka alfaharin cewa wani inji na iya auna kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa alfahari ne da hannun mai shi ba zai iya cin moriyarsa sosai ba. Sai dai wannan hujjar, idan aka bi ta har ƙarshenta, ba kuronograf kaɗai take rushewa ba, tana rushe tara agogunan wani, wato waɗanda ake murɗa wa sifirin maimakon sa musu batir, gaba ɗaya, domin agogon batir na 'yan kuɗi kaɗan ya fi agogon wani mafi tsada riƙe lokaci. Wanda ya riga ya yarda ya kashe kuɗinsa a kan inji mai tafiya da sifirin da 'yan fayafayai masu haƙora ya riga ya amsa cewa ba buƙata ce kaɗai ta kawo shi ba. Tambayar da ta dace da shi ita ce wace irin hikimar ƙira ce ta cancanci ya ajiye ta, ya kula da ita, ya riƙa ɗaura ta a hannu.

A nan ne nake ganin kuronograf ya sha gaban sauran ƙarin ayyukan da ake ɗora wa agogo. Kalandar da ba ta kuskuren watanni abin al'ajabi ce, amma tana aikinta ne cikin dare yayin da mai ita ke barci, kuma ranar da take nuna cikakkiyar bajintarta, wato 29 ga Fabrairu, sau ɗaya take zuwa cikin shekara 4. Da'irar da ke nuna girman wata kallo kawai ake yi mata. Kuronograf kuwa ba ya motsi sai an umarce shi. Shi ne ɓangaren agogo da ke jiran yatsan mai shi, ya tashi idan an ce ya tashi, ya tsaya idan an ce ya tsaya, kuma duk abin da ya faru a cikinsa ana jin sa a fatar yatsa kafin a gan shi a fuska.

Ina da wani a akwatina wanda ba shi da tsada, injinsa na wani da hannu ne, bayansa kuma gilashi ne, kuma da shi nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni abin da nake nufi. Idan aka kifa shi a tafin hannu aka danna madannin sama a hankali, za a ga wani ɗan faifai mai ginshiƙai, wanda faɗinsa bai kai ƙwayar dawa biyu ba, ya juya taki ɗaya. Da juyawarsa sai bakin wani siririn ƙarfe ya faɗa tsakanin ginshiƙai biyu, wannan faɗawar kuma ta ja wani faifai mai ƙananan haƙora wanda dama yana ta juyawa shi kaɗai, ta haɗa shi da faifan tsakiya, sai dogon hannun ya kama tafiya. Aka sake dannawa, faifan ginshiƙan ya ƙara taki ɗaya, ƙarfen ya hau kan ginshiƙi, haƙoran suka rabu, wani ɗan birki ya dafe faifan tsakiya domin hannun ya tsaya cak a inda yake. Amma abin da ya fi burge ni shi ne madannin ƙasa. Da an taɓa shi sai wata 'yar guduma ta faɗa kan wasu ƙarafa masu siffar zuciya, kuma saboda wannan siffar, ko a ina hannun ya tsaya, ko a daƙiƙa 7 ko a 43, dole ne ya dawo kan 12 cikin ƙiftawar ido ta hanya mafi kusa. Babu batir, babu kwamfuta, siffar ƙarfe ce kawai ta warware matsalar. Na nuna wa mutane da yawa wannan, ciki har da wani makaniki da ya shekara yana gyaran giyar motoci, kuma shi ne ya fi kowa jimawa yana kallo, domin ya gane kuloci da birki nan take, sai dai bai taɓa ganin su a wannan ƙanƙantar ba.

Wannan ƙarfe mai siffar zuciya ba sabon abu ba ne. Adolphe Nicole, wani ɗan Suwizalan da ke sana'arsa a Landan, shi ya yi masa rajista a 1844. Kafin shi, a 1821, Nicolas Rieussec, mai yi wa Sarkin Faransa Louis na 18 agoguna, ya ƙera wani akwati domin auna sukuwar dawaki a filin Champ de Mars na birnin Faris, wanda ke ɗiga tawada a kan fuska mai juyawa duk lokacin da doki ya ƙetare layi. Daga nan sunan ya samo asali, domin a harshen Girka ma'anarsa mai rubuta lokaci, kuma sunan ya zauna duk da cewa tawadar ta daɗe da ɓacewa. An daɗe ana ɗaukar Rieussec a matsayin na farko, sai a 2013 aka bayyana wani abin awo da Louis Moinet ya kammala a 1816 domin nazarin taurari, wanda ke bugawa sau 216,000 a awa, yana auna kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa. Shigowar kuronograf cikin agogon hannu kuwa a farkon ƙarni na 20 ne: kamfanin Longines ya fitar da injinsa na 13.33Z a 1913, kamfanin Breitling ya ware madanni na musamman a 1915, sannan ya ƙara na biyu a 1934, wanda shi ne tsarin da muke gani har yau. Mai tara agoguna da ya ɗaura kuronograf yana ɗauke ne da amsoshin da mutane daban-daban suka ba matsala ɗaya cikin fiye da shekara 100, kowanne ya ɗora a kan na baya.

Lambobin da ke kewaye da fuskarsa ma, waɗanda mutane da yawa ke ɗauka ado ne, kowannensu na da aikin da aka yi shi dominsa. Wanda aka fi gani shi ne ma'aunin gudu. Idan mutum yana cikin mota a babbar hanya mai alamun kilomita, ya danna a alama ɗaya ya tsayar a ta gaba, hannun zai nuna masa gudun motar kai tsaye: idan tafiyar ta ɗauki daƙiƙa 40 zai tsaya a kan 90, idan 30 ce zai tsaya a kan 120, domin lissafin kawai raba 3,600 ne da adadin daƙiƙoƙin. Haka zai yi wa mai masana'anta: injin da ke fitar da kaya ɗaya cikin daƙiƙa 20 zai nuna 180, wato abin da zai fitar a awa. Akwai na likitoci, inda ake ƙirga bugun jini 15 ko 30 a tsayar, sai hannun ya nuna adadin bugun a minti. Akwai kuma ma'aunin nisa, wanda sojojin igwa suka yi amfani da shi tsakanin ganin wutar igwar abokan gaba da jin ƙararta. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, saboda haka da damina, idan aka danna da ganin walƙiya aka tsayar da jin tsawa, daƙiƙa 9 na nufin hadarin yana nesa da kusan kilomita 3. Na yi wannan da yarana a bakin ƙofa, muna kallon yadda adadin ke raguwa daga 15 zuwa 9 zuwa 4 yayin da hadarin ke matsowa, kuma ban san wata hanya da ta fi wannan saurin koya wa yaro cewa haske ya fi sauti gudu ba.

Ba za a yi maganar kuronograf a tsallake Speedmaster na kamfanin Omega ba, wanda ya fito a 1957 domin masu tseren motoci. Lokacin da hukumar NASA ta Amurka ta nemi agogon da 'yan sama jannatinta za su ɗaura, ta gwada agogunan kamfanoni kaɗan da zafin da ya kai digiri 93, da sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, da girgiza da buguwa masu tsanani, kuma Speedmaster ne kaɗai ya tsallake, aka amince da shi a watan Maris na 1965. Shi ne a hannun Buzz Aldrin a kan duniyar wata a Yulin 1969. Amma labarin da ya fi tabbatar da darajar wannan nau'in agogo shi ne na kumbon Apollo 13 a Afrilun 1970, bayan tankin iskar shaƙa ya fashe, aka kashe kusan duk na'urorin lantarki domin tattalin wuta. Ana buƙatar a kunna inji na daƙiƙa 14 daidai domin gyara hanyar dawowa duniya, kuma ɗan sama jannati Jack Swigert ya auna waɗannan daƙiƙoƙin ne da agogon hannunsa. Wannan ba tallar kamfani ba ce, abu ne da ya faru, kuma yana nuna amfanin abin awo da bai dogara da komai ba sai sifirin da ke cikinsa.

Shekarar 1969 ɗin ce kuma aka yi tseren fitar da kuronograf na farko mai yi wa kansa wani da motsin hannu. Zenith ta sanar da injinta El Primero a watan Janairu, mai bugawa sau 36,000 a awa. Haɗin gwiwar Heuer da Breitling da Hamilton-Buren da Dubois Dépraz ya nuna nasa a watan Maris. Seiko ta Japan ta shigar da injinta 6139 kasuwa a cikin shekarar, da wani irin kuloci da ke haɗuwa ta sama da ƙasa maimakon ta gefe, wanda ke hana hannun yin ɗan tsallen nan da ake gani a wasu agoguna lokacin tayarwa. Har yau ana musun wanda ya riga. Abin da ba a musu a kansa shi ne a ƙarshen wannan shekarar, ranar 25 ga Disamba, Seiko ta fitar da Astron, agogon hannu na batir mai aiki da kwaz, wato ɗan dutsen da ke daidaita masa lokaci, na farko a kasuwa, kuma cikin 'yan shekaru masana'antar agogunan wani ta Suwizalan ta durƙushe. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Amurka da ya mallaki Zenith a lokacin ya ba da umarnin a daina ƙera injunan wani a kuma rabu da kayan aikinsu. Wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya riƙa kwashe kayan ƙirar El Primero da zane-zanensa a ɓoye, yana adana su a saman rufin ɗaya daga cikin gine-ginen masana'antar. Da kasuwa ta juyo a shekarun 1980 aka buɗe wurin aka tarar da komai, kuma wannan injin ne Rolex ta yi wa gyare-gyare ta sa a cikin kuronograf ɗinta mai suna Daytona daga 1988 har zuwa 2000, lokacin da ta fitar da nata na kanta. Ina ganin duk mai son agogunan wani yana da bashin godiya ga wannan mutumin.

To amma a nan ne ya kamata mai tarawa ya yi hattara, domin irin waɗannan labaran su ne kuma abin da ake kama shi da su. Agogon da ya je wata yana gidan tarihi ko ya ɓace, wanda ke cikin shago ɗan'uwansa ne kawai ta fuskar suna da ƙira. Labarin Daytona ya fi kowanne nuna haka. Da Rolex ta fitar da shi a 1963 kuɗinsa bai wuce kusan dala 200 ba, kuma bai samu karɓuwa ba, yana daɗewa a shaguna. A watan Oktoban 2017 gidan gwanjo na Phillips da ke birnin Niyok ya sayar da na ɗan wasan kwaikwayo Paul Newman, wanda matarsa Joanne Woodward ta ba shi kyauta, a kan kusan dala miliyan 17.8. Injin da ke cikinsa daga dangin injin Valjoux 72 ya fito, wanda ke cikin agogunan kamfanoni da dama da a yau ake sayarwa a kan ɗan ƙaramin kaso na wannan kuɗin. Abin da aka biya kuɗinsa shi ne sunan wanda ya ɗaura da rubutun da matarsa ta sa aka zana a bayansa. Tun daga wannan gwanjon mutane da yawa suka shiga sayen kuronograf da niyyar riba, farashin na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ya juyo ƙasa, waɗanda suka saya a saman tudu suka yi asara. Ban yarda mutum ya sayi kuronograf a matsayin jari ba. Waɗanda ke riƙe darajarsu 'yan ƙalilan ne, kuma samun su a farashin shago ya fi ƙarfin yawancin mutane. Sauran, da zarar sun fita daga shago sun fara raguwa, kamar sabuwar mota.

Sai kuma nauyin da ke biyo bayan saye, wanda masu sayarwa ba su cika ambata ba, kuma a ganina shi ne hujjar masu adawa da ta fi ta waya nauyi. Injin kuronograf na da sassa da yawa fiye da na agogo mai hannu uku. El Primero kaɗai na da sama da 270. Kowane ɗan ƙarfe na buƙatar nasa mai, a nasa gwargwado, kuma bayan 'yan shekaru dole a kwance injin baki ɗaya a wanke a sake haɗawa a daidaita zurfin shigar haƙora da ƙarfin faɗawar guduma. Kuɗin wannan aikin ya fi na agogo mai sauƙi sosai a ko'ina a duniya. Madannan nan biyu kuma ƙofofi ne guda biyu da aka ƙara wa jikin agogon, kowace da robarta da ke bushewa da tsufa. Shi ya sa Speedmaster na gargajiya mita 50 kawai aka rubuta masa na jure ruwa, shi ya sa kuma Rolex ta koma yin madannai masu murɗawa a kulle tun tsakiyar shekarun 1960.

Ga mu da ke zaune a inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, kuma muke kai hannu ga ruwa sau biyar a yini domin alwala, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wani aminina ya sayo kuronograf na hannu mai kyau daga waje, kuma ya saba ba ya cire agogo idan zai yi alwala sai dai ya tura shi sama. Wata rana hannunsa na jiƙe ya danna madannin, washegari ya ga raɓa a ƙarƙashin gilashin. Ya kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa wanda ya ƙware a canjin batir da madauri, shi kuwa ya buɗe ya busar ya ɗan taɓa abin da ya taɓa, kuma tun daga ranar dogon hannun bai sake komawa kan 12 ba, kullum sai ya tsaya a daƙiƙa 2 ko 3. Na raka shi wurin wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya jima yana duba injin ba tare da ya sa masa ƙarfe ba, sannan ya mayar da murfin ya miƙo masa da hannu biyu, ya ce, "Alhaji, na ga abin da ya same shi, amma ba ni da kayansa, kuma idan na ce zan gwada zan ƙara maka ɓarna ne. Ka yi haƙuri ka aika da shi inda suke da su." Na girmama wannan dattijon ƙwarai a kan wannan maganar. Agogon ya yi watanni a waje, ya dawo da takardar kuɗin da za ta iya sayen wani agogon mai kyau. Saboda haka nake cewa kafin mutum ya tambayi farashin kuronograf, ya fara sanin wanda zai gyara masa shi da inda kayan gyaran za su fito.

Wannan ne ya sa nake ba da shawarar guda ɗaya, kuma nake ganin bai kamata na farkon ya zama mai tsada ba. Injin ST19 da kamfanin Seagull na birnin Tianjin a ƙasar Sin ke ƙerawa ya samo asali ne daga injin Venus 175 na Suwizalan, wanda aka sayar wa Sin da kayan ƙirarsa a farkon shekarun 1960 domin yi wa matuƙan jiragen sojanta agogo. Yana da faifan ginshiƙai na gaske, ana samun sa da bayan gilashi, kuma kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli ne. Shi ne ke cikin nawa da na siffanta a baya. Wanda ke son mai juriya da sauƙin samun kayan gyara, injin Valjoux 7750 da Edmond Capt ya tsara a farkon shekarun 1970 shi ne jakin wannan fagen, yana cikin agogunan kamfanoni masu yawan gaske. Ba shi da faifan ginshiƙai, madanninsa ya fi tauri, kaurinsa ya kusa milimita 8 tun kafin a sa shi a gida, saboda haka agogon da ke ɗauke da shi ba ya shigewa ƙarƙashin hannun riga cikin sauƙi, amma ya daɗe yana aiki kuma masu gyara da yawa a duniya sun san shi ciki da waje. Masu raina shi saboda ba na gidan kamfani ɗaya ba ne, a ganina, ba su taɓa jiran kayan gyara na wata shida ba. Akwai kuma injunan Seiko na VK, waɗanda batir ke tafiyar da su amma ɓangaren awonsu na da guduma da ƙarfen zuciya kamar na wani, saboda haka hannun na dawowa sifili da bugu ɗaya. Ga wanda ke son ya gwada ko zai riƙa amfani da madannan kafin ya zuba kuɗi mai yawa, wannan hanya ce mai hankali.

Akwai masu tarawa da nake ganin bai dace da su ba ko kaɗan, kuma babu aibi a cikin haka. Wanda idonsa ya fara rauni zai sha wahala da fuska mai cunkoso, musamman inda hannun minti ke rufe ƙananan da'irorin. Wanda abin da ke jan sa ga agogo shi ne siranta da sauƙin fuska zai gaji da shi cikin wata guda. Wanda kuma ya san a ransa cewa kamannin kawai yake so, to gara ya faɗa wa kansa gaskiya ya sayi na batir, ya huta da ɗawainiyar inji mai sassa ɗaruruwa da ba zai taɓa tayarwa ba. Kuronograf da ba a dannawa nauyi ne kawai a hannu da aljihu, kuma yana ba ni takaici in ga agogon da aka kashe wa irin wannan hikima yana shekara biyar dogon hannunsa bai bar kan 12 ba. Nawa kuwa da shi nake auna jiƙar shayi, da tsawon jawabi idan an ba ni minti 10, da tafiyar da ke tsakanin gida da wurin aiki ta hanyoyi biyu domin in san wadda ta fi sauri a wane lokaci, kuma ina yin haka ba tare da na ciro waya na faɗa cikin saƙonnin da ke jirana a cikinta ba.

Ranar da mutum ya je saye, musamman idan na hannu ne, ya roƙi a bar shi ya riƙe agogon na 'yan mintoci. Ya danna madannin sama ya ji ko dannawar na da tsafta ko tana da laushi kamar ana matsa soso, ya lura ko dogon hannun ya tashi lafiya ko ya yi tsalle mai yawa. Ya bar shi ya zagaya fuskar sau biyu cif, yana kallon ƙaramar da'irar mintoci domin ya ga ta matsa daidai lokacin da dogon hannun ya ƙetare 12. Ya tsayar a wurare daban-daban, a daƙiƙa 10, a 30, a 50, kowane karo ya mayar, ya duba da kyau ko duka hannuwan sun dawo kan sifili daidai ba tare da sun karkata ko da kaurin gashi ba. Sannan ya tambayi mai sayarwa yaushe aka yi masa wankin inji na ƙarshe, ya nemi ganin takardar aikin, idan kuma babu ita, ya ƙara kuɗin wankin a kan farashin da aka faɗa masa kafin ya fara ciniki.